Dinya da Doka: Tarihin Ƙa'idojin Harbin Tsuntsayen Ruwa a Zamfara ta Arewa

Masu rubuta tarihin Zamfara sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙi, watau faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa, da cin Alƙalawa cikin 1808, inda Muhammadu Namoda ya ja rundunar Zamfara, da kafuwar sarautun Alibawa a Zurmi da Ƙaura. Wannan kuwa daidai ne, gama da su ne ƙasar ta sami sifar da muka san ta da ita. Amma akwai wani tarihi da ke tafe a gefen wannan, shi ne na zaman mutane da dawa da fadama, da irin iyakokin da suka gindaya wa kansu wajen cin abin da ke ciki. Abin da za mu duba a nan ɗan yanki ne na wannan tarihi: wa ke da ikon harbin tsuntsun ruwa a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a wane lokaci, da wane makami, kuma wa ya ba shi ikon. Mai karatu zai ga doka iri uku ce ta hau kan juna a nan, ta maharba, da ta malamai, da ta gwamnati. Kowace ta kama wani gefe na al'amarin ta saki wani, kuma gefen da duk suka saki shi ne ya fi damunmu yau.

1. Ƙasar da Tsuntsayenta

Gulabe biyu ne ke shayar da wannan yanki. Gagare ya biyo ta Ƙaura Namoda ya nausa arewa, Bunsuru kuwa ya fito daga ƙasar Katsina ya ratsa ta Zurmi, sa'an nan su biyun su haɗu a wajajen Isa su zama gulbin Rima. Da damina sukan cika su malala bisa fadama, da rani kuwa sai yashi, ban da tafkuna da ƙoramu da ruwa ya bari a baya. Wannan cika da janyewa ita ce arzikin ƙasar. Ita ke ba da shinkafar da garin Shinkafi ya yi suna da ita, da albasa da taba da rake, da kifi, da ciyawar rani ta shanu. Matafiyan Turawa na farko sun bi ta nan: Kilabatan ya sauka Zurmi cikin 1824 a hanyarsa ta Sakkwato, Barth kuma, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa cikin 1853.

Tsuntsayen ruwa na wannan fadama kashi biyu ne, kuma in ba a rarrabe su ba, ba za a gane zancen doka ba. Kashi na farko 'yan gida ne, nan Afirka suke ƙwai, nan suke ƙyanƙyasa. Babbarsu ita ce dinya, wadda duk Afirka babu tsuntsun jinsin agwagwa da ya kai ta girma, tana da ƙaho mai tsini a gaɓar fiffike. Sai kwarwa, wadda namijinta ke da tozo bisa baki, takan yi sheƙa cikin kogon itace. Sai kirinjijiya mai farar fuska, wadda ake ce wa wishiwishi saboda kukanta, takan yi sheƙa ƙasa cikin ciyawa. Duka ukun da damina suke haihuwa. Bayan haka akwai waɗansu makonni da kowane tsuntsu na jinsin nan ke zubar da gashin fiffikensa gaba ɗaya, ba ya iya tashi, sai ɓuya cikin ruwa da ciyayi. A wannan lokaci ko yaro da sanda ya ishe shi.

Kashi na biyu baƙi ne. Daga wajen watan Oktoba sukan ƙetaro hamada daga Turai da yammacin Siberiya, tafiyar da ga waɗansunsu ta fi mil 3,000, su yi hunturu a fadamun ƙasar Sudan tun daga Sanagal har Tabkin Cadi, su koma wajen Maris ko Afrilu. Mafi yawa cikinsu wata 'yar ƙaramar agwagwa ce da Turawa ke kira gargani, wadda ba ta kai rabin kilo ba, sai kuma wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya. An tabbatar da wannan tafiya tasu ta hanyar zoben ƙarfe mai lamba da ake sa musu a ƙafa a Turai, a zo a same shi ga tsuntsun da aka kama a Afirka ta Yamma. Ba wanda ya taɓa ganin ƙwansu a fadamar Gagare, domin ba a nan suke yinsa ba.

Ga manomi kuwa, dinya da kirinjijiya ba abin sha'awa kaɗai ba ne, gama sukan faɗa wa shinkafa da dare su yi ɓarna. Saboda haka harbinsu ya haɗa neman nama da tsaron gona, kuma duk dokar da ta mance da wannan ba ta cika zama a zuciyar talaka ba.

2. Dokar Maharba

A ƙasar Hausa an bambanta harbi da farauta. Harbi sana'a ce ta gado, mutum ɗaya ko biyu su shiga dawa da baka da kibiya mai dafin kwankwani, daga baya da bindigar toka, waɗansu su ɗaura kan burtu a goshi su yi ta sanɗa har su kusanci nama. Farauta kuwa ta jama'a ce, a buga ganga, samarin garuruwa su fito da karnuka da gora da barandami su kewaye daji. Tsuntsun ruwa ya fi faɗawa hannun maharbi da mai tarko da masunci, domin gayya da kare ba su da abin yi da tsuntsun da ke tsakiyar tafki.

Maharba suna da shugabanni, a wani gari Sarkin Baka, a wani Sarkin Dawa, kuma sarkin gari ne ke naɗa su. Ta hannun wannan shugaba baƙon maharbi ke neman izni kafin ya shiga dajin da ba nasa ba, shi ke raba gardama in mutum biyu sun yi jayayya a kan nama, ta hannunsa kuma rabon sarki ke isa fada. Da haka dajin kowane gari ya zama yana da mai shi, ko da ba a kafa masa turaku ba.

Muhimmin abu cikin wannan tsari shi ne lokaci. A arewa da Zurmi, cikin ƙasashen Maraɗi da Gobir da Ƙonni, inda al'adun Azna suka daɗe ba su gushe ba, akwai bikin buɗin daji, wanda na Masalata kusa da Birnin Ƙonni ya fi shahara. Ma'anarsa a fili take: dawa tana da lokacin rufewa da na buɗewa, kuma sai an kawar da amfanin gona an yi bikin sa'an nan farauta ke halatta. A ƙasashen da suka shiga ƙarƙashin daular Sakkwato an bar tsafin, amma lokacin bai kauce ba, farauta ta zauna aikin rani. Dalilan da mutane ke bayarwa na noma ne da na hankali, cewa da damina kowa na gona, ciyawa ta yi tsawo, kuma gayya za ta tattake shuka. Ko da wane dalili aka bi, sakamakon ɗaya ne, watau watannin da dinya da kwarwa da kirinjijiya ke kwanci su ne watannin da aka fi ƙyale su.

Akwai kuma tsuntsayen da al'ada ta ɗauke wa hannu ɗungum. Shamuwa takan yi sheƙa bisa itacen tsakar gida, zuwanta bushara ce ta damina, ba mai jifarta. Balbela na bin shanu ba mai cin namanta. Wannan kariya ba dogari ke tsaronta ba, kunya ce da tsoron bakin mutane.

Kada dai mu ƙawata abin fiye da kima. Maharbin da ba don tausayin tsuntsu kaɗai ya taƙaita ba. Makaminsa gajere ne, mutane kaɗan ne, dawa kuwa faɗi gare ta, ga shi yaƙe-yaƙen Gobir da Maraɗi da Sakkwato cikin ƙarni na 19 sun mai da manyan dazuzzuka kamar Gundumi da Rugu wuraren da ba kowa ke shiga ba. Dokarsa ta dace da wannan hali, kuma ƙarfinta bai wuce inda aka san shi aka san ubansa ba.

3. Hukuncin Malamai

Littattafan fiƙihun Malikiyya da almajiran ƙasar nan ke karantawa, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, suna da babi a kan farauta. Ba don kiyaye yawan namun daji aka rubuta shi ba, don a san halal da mushe ne. Duk da haka in aka bi sharuɗɗan ɗaya ɗaya, za a ga sun ɗaure hannun maharbi ta wurare da yawa.

Na farko niyya. Farauta don ci ko don ciyar da iyali halal ce, don wasa kawai makaruhi ce, kashe dabba ba da nufin cin namanta ba kuwa, in ba mai cutarwa ba ce, ɓarna ce da aka hana. Na biyu makami. Sai abin da ke huda jiki ya zub da jini, tare da ambaton sunan Allah wajen saki. Tsuntsun da aka buge da sanda ko dutse ya mutu, ko ya shaƙe cikin tarko, mushe ne, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Haka wanda dafi ya kashe. Na uku bin sawu. Abin da aka harba ya ɓace har ya kwana, bisa magana mafi shahara a mazhabar, ba a cinsa. Da bindiga ta yaɗu, malaman baya sun yi saɓani a kan abin da harsashin darma ya kashe, waɗansu manyan malaman Fas suka halatta shi saboda yana huda jiki, aka bi su a kan haka.

To, dubi abin da wannan ya haifar. Mai tarko tilas ya riƙa kewaya tarkonsa da wuri, ba zai kafa fiye da abin da zai iya dubawa ba. Mai bindiga ba shi da riba in ya yi harbi daga nesa cikin garke ya raunana goma ya ɗauki biyu. Mai zuba guba a bakin tafki kuwa mushe yake sayar wa Musulmi.

Shari'a ta kuma san keɓe wuri. Akwai hima, filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, akwai harimi na gari da na rijiya da na gulbi, inda kalmarmu ta hurumi ta samo asali. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin waɗannan cikin littafinsa na hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi. An fi amfani da su wajen kiwo da mashaya. Amma tushen yana nan, cewa sarki na da ikon ya ce wannan tafki ba na mutum ɗaya ba ne.

4. Dokar Turawa

Dokar Turawa ta riga su isowa Zamfara. Cikin 1890, a taron Burasal, ƙasashen Turai suka ƙulla cewa ba za a sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani ba, sai bindigar ƙanƙara da albarushi na kasuwa. Ran 19 ga Mayu 1900 kuma suka sa hannu a London a kan yarjejeniyar kiyaye namun daji da tsuntsaye da kifin Afirka. Ita ce ta kawo tsarin jeri: ga waɗanda ba a kashewa sam saboda amfaninsu, kamar ungulu da mujiya, ga waɗanda ake kashewa da ƙidaya, kamar borin tunke da tuje da zabo da fakara, ga kuma waɗanda ake so a rage, kamar zaki da damisa da kura da kada. Ba dukan ƙasashen suka tabbatar da ita ba, amma Ingila ta bi tsarinta cikin ƙasashen da take mulki. Sakkwato ta faɗa hannun Turawa cikin Maris 1903, aka haɗa Arewa da Kudu cikin 1914, sa'an nan cikin 1916 aka kafa Dokar Kiyaye Namun Daji ta Nijeriya, mai jerin dabbobi da lasin.

Cikin 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya Ƙaura Namoda. Gyaɗa da auduga suka sami mafita, kamfanonin ciniki suka kafa kantuna, baƙi suka yawaita, noma ya ci daji. Harbin agwagwa da dinya lokacin hunturu na cikin wasannin da Turawan mulki da na ciniki suka fi so a Arewa, da bindiga mai baki biyu wadda ke watsa ƙananan harsasai. Cikin 1933 aka sake wata yarjejeniya a London, wadda ta hana farauta da mota ko jirgin sama da kewaye nama da wuta, ta kuma nemi a hana guba da fitila mai kashe ido da raga da rami da tarko duk inda ya yiwu.

A nan ne dokokin suka yi karo. Harbin nishaɗi, wanda malami ya ce makaruhi ne, shi ne wanda lasin ya ba hanya, tun da mai albashi ke iya biya. Raga da tarko kuwa, kayan aikin talakan da ke neman miya ko tsaron shinkafarsa, su aka sa cikin abin ƙi. Ba za a ce Turawa ba su da hujja ba, domin raga ba ta zaɓe, wuta kuma ba ta san mai kwanci ba. Amma ga mutumin ƙauye abin da ya bayyana shi ne, an ɗauke hukuncin dawa daga hannun wanda ya sani an kai shi ofis. Aikin tsaro ya faɗa wa En'e ta Sakkwato, daga hakimi zuwa dagaci, da malamin daji mai lura da gandun daji, da alƙali mai yanke tara. Sarkin Baka yana nan da rawaninsa, amma dokar ba ta dogara da shi ba.

Abu guda ne wannan doka ta zo da shi wanda na da ba su da shi, watau tunanin cewa jinsin dabba ɗungum yana iya ƙarewa daga duniya, don haka sai a ƙidaya. Daga ina Turawa suka koyi wannan? Daga ɓarnar da suka yi a ƙasashensu.

5. Darasi daga Bakin Teku

A tekunan arewa masu sanyi akwai waɗansu agwagi da ke nutso cikin ruwan gishiri suna cin kifin kwanso. Ɗaya daga cikinsu, agwagwar Labarado ta gabashin Amurka ta Arewa, tun cikin shekarun 1870 ba a sake ganinta ba. Wata kuma, aida, wadda ke tsige lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta, masu harbi da masu kwasar ƙwai sun kusa gamawa da ita a gaɓar Amurka da Kanada. Cikin 1916, shekarar da aka yi dokar Nijeriya, Amurka da Ingila a madadin Kanada suka ƙulla yarjejeniyar tsuntsaye masu ƙaura. Aka rufe harbi daga 10 ga Maris zuwa 1 ga Satumba, aka ce lokacin buɗewa kada ya wuce wata uku da rabi, aka ambaci aida da suna cikin masu bukatar kariya ta musamman. Cikin 1934 Amurka ta ɗora wa kowane mai harbin agwagwa sayen wani kan sarki, kuɗin kuwa a sayi fadamu da shi a keɓe. Cikin 1991 ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin darma. Cikin 2016, da aka ga agwagin teku na raguwa a gaɓar Atlantika, aka rage kwanakin harbinsu daga 107 zuwa 60, abin da mutum zai ɗauka a yini kuma daga 7 zuwa 5, domin tsuntsaye ne masu jinkirin balaga, 'ya'yansu da ke rayuwa kaɗan ne.

A tsibirin Aisilan wata hanya aka bi. Tun tsakiyar ƙarni na 19 aka hana harbin aida, manoma ke gadin sheƙunanta daga dila da hankaka, su kuwa su kwashi gashin su sayar da tsada. Tsuntsun ya zama dukiyar mai gona, mai gona ya zama dogarinsa.

Darasi uku ke nan. Tsuntsu mai ƙetare iyaka sai dokar da ta ƙetare iyaka. Ƙidayar tsuntsu ba ta da amfani in ba a tsare ruwansa ba. Kuma doka ta fi daɗewa inda mai tsaronta ke da rabo a ciki.

6. Daga Mulkin Kai zuwa Yau

Cikin 1959 aka yi Dokar Bindigogi, wadda ta kasa su uku: na yaƙi da aka haramta, da na mutum ɗaya masu bukatar lasin kamar mai baki biyu, da na ɗurawa ta baki irin na maharba. Cikin 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tata Dokar Namun Daji, da jeri uku na dabbobi da ikon keɓe gandun namun daji, ita ce kuma jihohin da aka yanka daga Arewa suka gada, daga Jihar Arewa maso Yamma ta 1967, zuwa Jihar Sakkwato ta 1976, zuwa Jihar Zamfara da aka kafa ran 1 ga Oktoba 1996. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, hakimai da dagatai suka rasa mafi yawan ikon da suke tsaron daji da shi. Gwamnatin Tarayya ta yi Doka ta 11 ta 1985 a kan cinikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, aka ƙara mata tara cikin 2016. Ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye fadamu, aka sa Tabkin Nguru cikin jerinta a 2000, ta kuma shiga yarjejeniyar tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya cikin 2004. Cikin wuraren da Nijeriya ta sa a jerin Ramsar babu ko ɗaya a fadamun Gagare da Bunsuru.

Takardu dai sun yi yawa. Amma a daidai wannan zamani ne fadamar kanta ta sake. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun ƙafar da tafkuna. Aka gina madatsun ruwa, Bakolori a gulbin Sakkwato cikin 1978, Zobe a Karaduwa wadda ke zuba cikin Bunsuru cikin 1983, Goronyo a Rima cikin 1984. Madatsa takan tara ruwa mai zurfi, agwagwa kuwa abincinta na cikin ruwa marar zurfi da ya malala bisa ciyawa. Daga farkon shekarun 1990 shirin noman fadama ya yaɗa injin ban ruwa da rijiyar burtsatse, aka noma bakin tafki har inda ruwa ya tsaya. Manomi ya sami abinci da kuɗi, ba kuwa mai hankalin da zai zarge shi. Sai dai wurin kwancin kirinjijiya ne ya zama fangalin albasa. Maganin ƙwari kuma, irin su gamalin, ya shiga hannun masu zuba shi cikin ruwa don kifi, abin da dokar maharba da ta malamai da ta gwamnati duk suka haɗu a kan haramcinsa. Gauraka ta isa misali. Tana cikin tsuntsayen da doka ta kare, amma kamu don sayarwa da ƙafewar fadamu sun sa ta kusa ɓacewa daga dajin Nijeriya.

Darma ma abin lura ce. Agwagwa takan haɗiyi ƙananan harsasan da suka nutse cikin laka tana zaton tsakuwa ce, ƙundunta ya niƙe su, gubar ta shiga jininta. Mutanen Zamfara ba su bukatar a gaya musu sharrin darma, bayan abin da ya auku a ƙasashen Anka da Bukkuyum cikin 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai darma ta kashe yara wajen 400. Haka kuma tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006, tsuntsun da aka tsinta matacce a bakin ruwa ya zama abin gudu ta fuskar lafiya, kamar yadda yake mushe ta fuskar shari'a.

Daga wajen 2011 kuwa wata masifa ta rufe duk waɗannan. 'Yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, aka tashi ƙauyuka, har cikin 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta kuma yanke wayar tarho a jihar na wani lokaci. Maharba da yawa suka bar bin nama suka koma tsaron gari. Dawa ta sake rufuwa kamar a ƙarni na 19, amma wannan rufewa ba ta hutar da kowa ba, gama masu bindigar da ke cikinta ba su san Sarkin Baka ba, ba su san alƙali ba, ba su san lasin ba.

7. Abin da ya Rage

In muka tattara, dokar maharba ta kama lokaci da iyakar gari, ta malamai ta kama niyya da makami, ta gwamnati ta kama jinsi da ƙidaya. Babu wadda ta kama ruwan. Ga baƙin tsuntsaye kuma, watannin da al'ada ta buɗe dawa su ne watannin da suke nan, saboda haka tsohuwar ƙa'ida ba ta kare su ba, sai in an ƙara mata iyakar abin da za a ɗauka, musamman a shekarar fari sa'ad da suka cunkushe a 'yan tafkunan da suka rage.

Ran da zaman lafiya ya komo, za a sake tambayar wa ke da fadama. Tarihin nan ya nuna amsar ba sai an aro ta duka daga waje ba. Rufe harbi daga faɗuwar ruwa har a kawar da amfanin gona gadonmu ne. Hana guba da harbin banza yana cikin littattafan da ke zaurukan malamanmu. Keɓe tafki ɗaya cikin kowace gunduma ya zama hurumi, a hannun sarki da Sarkin Baka da Sarkin Ruwa, tare da barin manomi ya kori abin da ke cin shinkafarsa, bai saɓa wa doka ko ɗaya cikin ukun ba.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu, mu malaman jami'a da na kwalejojin horon malamai, wanda ba ya jiran gwamnati. Tsofaffin maharban Zurmi da Shinkafi da Moriki da yawa suna zaune yanzu cikin Ƙaura da Gusau, rikici ya raba su da garuruwansu. A kansu sunayen tafkuna suke, da sunayen tsuntsaye na karin harshen Zamfara, da sanin watan da kowanne ke zuwa da wanda yake tafiya, da ƙa'idojin da iyayensu suka hore su da su. Kowane ɗalibi da ya fito daga wannan yanki yana iya zama gaban ɗayansu da littafi da alƙalami lokacin hutu, ya rubuta abin da ya ji da sunan gari da shekara. In an yi haka, masu tsara dokar gobe za su sami abin dafawa. In kuwa aka yi sakaci har waɗannan dattawa suka shuɗe, yaran da za a haifa a bakin Gagare za su san dinya cikin ƙamus kaɗai.